Babansa ya fasa masa jita, shi kuma ya daina magana da kowa

Assalamu alaikum Anti. Ni uwa ce mai 'ya'ya biyar, muna zaune a Kaduna. Damuwata a kan babban yaronmu ce. Shekararsa 17, yana ajin ƙarshe na sakandare. Yaro ne mai natsuwa, yana sallarsa, ya yi sauka tun yana ɗan shekara 14, kuma ba a taɓa kawo mana ƙararsa ba. Kusan shekara biyu ke nan ya kamu da son wani kiɗan Turawa wai shi rok, mai ƙara kamar ana faɗa, mawaƙan sai ihu. Kullum kunnensa a toshe yana saurare. Ya tara kuɗin da yake samu a shagon gyaran waya da yake zuwa ranar Asabar, ya sayi jita ta hannu, ya ɓoye a gidan abokinsa, daga baya ya kawo ta gida. Ya kuma sayi wata baƙar riga mai hoton ƙoƙon kan mutum.

Watan jiya yayan mijina ya turo masa wani bidiyo a WhatsApp, wai masu wannan kiɗa 'yan ƙungiyar asiri ne, sun ƙulla yarjejeniya da shaiɗan, kuma in aka juya waƙoƙinsu ta baya za a ji kalmomin kafirci. A bidiyon akwai wata alama da suke yi da yatsu biyu, mu kuma mun taɓa ganin yaron ya yi irinta a hoto. A ranar mijina ya fasa jitar a tsakar gida a gaban ƙannensa, ya ƙona rigar, ya ce masa in shaiɗan ya zaɓa to ya bar masa gida. Yaron ko uffan bai ce ba. Tun daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa shi da kowa, abinci sai na matsa, har ya rame. Da nake gyara masa ɗaki na ga ya naɗe tsirkiyoyin jitar ya sa a ƙarƙashin filo. Yanzu yayan mijina yana cewa a kai shi wata makarantar gyaran tarbiyya a tsare shi wata shida ana yi masa ruƙiya, kuma mijina ya fara karkata. Ɗan fari ne, ban saba zama da shi mu yi doguwar magana ba. Ni ma ina tsoron kiɗan nan, amma shirun nan nasa ya fi ba ni tsoro. Anti, da gaske kiɗan shaiɗan ne? Yaya zan yi?

Mahaifiya mai damuwa, Kaduna

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya yaye miki wannan damuwa, Ya shirya mana zuri'a baki ɗaya. Na karanta wasiƙarki sau uku, kuma kowane karo wuri ɗaya nake tsayawa, wato tsirkiyoyin nan da ke ƙarƙashin filo. Yaro ya durƙusa a tsakar gida bayan kowa ya watse, ya tsince su ɗaya bayan ɗaya daga cikin fasasshen katako, ya naɗe, ya kai inda yake ɗora kansa. Wanda ya yi haka ba aljani ne ya shige shi ba. Ciwo yake ji, kuma ya rasa wanda zai gaya wa. Zuciyarki ta gaya miki gaskiya da ta ce shirunsa ya fi kiɗan abin tsoro, don haka daga nan za mu fara.

Abu na farko, kuma ina roƙonki kada ki yi sanyi a kansa: kada a kai yaron nan ko'ina a tsare. A watan Satumba na 2019 'yan sanda sun shiga wani gida a Rigasa, nan cikin garinku, suka fito da mutum fiye da 300, yara da manya, wasu da mari a ƙafa, bayansu duk tabon bulala. Makonni kaɗan bayan haka aka bankaɗo irinsa a Daura da cikin Katsina. Da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da kyakkyawar niyya, har suna biyan kuɗi. Ban ce duk makarantar da ake kai yara gyara haka take ba, amma ɗanki ba ya shaye-shaye a bayanin da kika yi, ba ya sata, ba ya barin salla, ga jarrabawar ƙarshe a gabansa. Me za a gyara da tsarewar wata shida? Za a raba shi da karatunsa, a haɗa shi da waɗanda suka fi shi nisa a lalacewa, ya dawo da tabon da ba zai taɓa yafewa ba. In ruƙiya ake so, ai ba sai an bar gida ba. Ke da babansa kuna iya tofa masa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, hannunku a kansa, babu bulala babu ɗauri. Wannan ma ni na fi so, don zai sa hannun uban ya sake taɓa ɗansa.

Yanzu ga tambayarki. Tsoron da ya shigo gidanku ta WhatsApp ba sabo ba ne, ya haura shekara sittin yana yawo a duniya, kuma daga can inda kiɗan ya fito aka fara shi. A Amurka aka haifi rok wajen farkon shekarun 1950, daga kiɗan baƙaƙen fatar kudancin ƙasar, jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka, ya gauraya da waƙoƙin cocinsu da kiɗan fararen fatar karkara. Masu fara yaƙarsa da ƙarfi akwai masu rajin wariyar launin fata, waɗanda abin da ya fi ƙona musu rai shi ne ganin 'ya'yansu suna rawa da kiɗan baƙar fata. A 1956 irin waɗannan mutane a jihar Alabama sun yi gangamin a cire fayafayensa daga wuraren taruwar jama'a. A Janairun 1957 wani babban shirin talabijin ya nuna shahararren mawaƙin rok Elvis Presley daga ƙugu zuwa sama kawai, don kada a ga yadda yake kaɗa jiki. A 1985 maganar ta kai har zauren majalisar dattawan Amurka, bayan wasu matan manyan 'yan siyasa, ciki har da Tipper Gore, sun tayar da ita. Wannan zaman dai ya haifar da abu mai amfani: tambarin gargaɗi ga iyaye da ake liƙa wa fayafayen da ke da batsa ko tashin hankali. Har yau yana nan, shi ne ƙaramin harafin E da za ki gani kusa da sunan waƙa a yawancin manhajojin sauraren kiɗa. Ki riƙe wannan, zai yi miki amfani.

Inda tsoron ya wuce gona da iri kuwa, rayuka ya lalata. A 1993 an kashe wasu yara uku a jihar Akansas ta Amurka, aka kama samari uku, kuma cikin abin da aka riƙa nunawa a kansu har da cewa suna sa baƙaƙen kaya suna jin irin wannan kiɗa. Aka yanke wa ɗayansu hukuncin kisa. Sai da suka yi shekara 18 a kurkuku kafin a sake su a 2011, bayan gwajin ƙwayoyin halitta bai nuna sawunsu a kayan da aka samu a wurin ba. Ƙasashen Musulmi ma sun taɓa faɗawa wannan rami. A Janairun 1997 'yan sandan Masar sun kwashe gwamman matasa a Alƙahira da zargin bautar shaiɗan, jaridu suka yi ta yayata sunayensu, daga ƙarshe aka sallame su don babu hujja. A 2003 wata kotu a Kasablanka ta Maroko ta ɗaure matasa 14 kan irin wannan zargi, baƙaƙen rigunansu na cikin abin da aka gabatar a matsayin shaida, sai kotun ɗaukaka ƙara ta wanke mafi yawansu. Kin ga riga da zargi sun sha haɗuwa su jefa yaro cikin bala'i.

Abubuwa uku na cikin bidiyon nan kuwa kowanne yana da asali da aka sani. Alamar yatsu biyu wani mawaƙi ne mai suna Ronnie James Dio ya yaɗa ta, kuma ya sha faɗa cewa a wurin kakarsa 'yar asalin Italiya ya koya, ita kuma tana yi ne don kare kai daga kambun baka. Camfin tsofaffi ne na can, yau kuma miliyoyin yara suna yinta a hoto ba tare da sun san ma daga ina ta fito ba. Ƙungiyar asirin da ake yawan ambata, Illuminati, an kafa ta a yankin Baberiya na Jamus a 1776, hukuma ta rushe ta kafin ta cika shekara goma. Maganar juya waƙa ta baya kuwa har kotu ta je: a 1990 a jihar Nebada ta Amurka iyayen wasu samari biyu da suka harbi kansu sun kai wata ƙungiyar mawaƙan Ingila ƙara kan cewa ɓoyayyen saƙo a waƙarsu ne ya ingiza yaran, alƙali ya saurari masana, ya yanke cewa ba a tabbatar da hakan ba. Kafin nan ma, a 1985, wasu masana halayyar ɗan Adam biyu a Kanada sun gwada mutane da maganar da aka juya ta baya, suka ga ba sa fahimtar ma'anarta, sai dai in an riga an gaya musu abin da za su ji, nan take sai su ce sun ji. Ki gwada da kanki. Ki kunna bidiyon baffan yaran, ki kife wayar don kada ki ga rubutun da suke sawa a ƙasa, ki saurara. Gwalangwalan kawai za ki ji. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurat da mu bincika labari kafin mu cutar da wasu cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Abin da ya raba uba da ɗa a gidanku, 'yar'uwata, jita-jita ce ta fi jita laifi.

Amma ba zan ce miki babu komai ba, don ba gaskiya ba ne. Rok gida ne mai ɗakuna da yawa. Akwai waƙoƙin soyayya, akwai na kukan talauci da yaƙi, akwai na yaron da ke jin babu mai fahimtarsa. Akwai kuma wani lungu da da gangan suke zagin addini, suna yabon shaiɗan, wasu don su firgita mutane su sayar da fayafayi, wasu kuma har zuci. A farkon shekarun 1990 wasu samari daga irin wannan lungu a ƙasar Nowe sun ƙona coci-coci, har da kisan kai a tsakaninsu. Kuma shaye-shaye ya cinye manyan taurarin wannan kiɗa da dama suna da ƙuruciyarsu. Jimi Hendrix da Janis Joplin duk a 1970 suka mutu, kowannensu yana ɗan shekara 27. Uwa tana da hujjar ɗaga kunne. Sai dai abin tambaya shi ne a wane ɗaki ɗanki yake zaune cikin wannan gida, kuma har yanzu babu wanda ya tambaye shi. An yanke masa hukunci da laifin mutanen da bai taɓa gani ba. Ƙwaya kuwa, kin sani na sani, ba ta jira kiɗan Turawa ba kafin ta shigo unguwanninmu. Yaran da kodin ya kwantar har gwamnati ta hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, akasarinsu ba su taɓa jin rok ba. Abokai da kaɗaici da baƙin ciki su ne ƙofar, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bangon ɗanki yanzu ne ya tsage.

Akwai wata illa ta zahiri da babu mai maganarta a gidanku, ita ce ta kunne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin cewa matasa fiye da biliyan ɗaya suna cikin haɗarin raunin ji saboda sauraren sauti mai ƙarfi, kuma jin da ya tafi ta wannan hanya ba ya dawowa. Shawararsu ita ce kada ƙarar ta wuce kashi 60 cikin 100 na ƙarfin waya, a riƙa kuma hutar da kunne. In kina tsaye kusa da shi kina jin abin da ke fita daga kunnensa, to ya yi yawa.

Sai batun addini, wanda na san shi ne ainihin abin da ke cin ran maigidanki, kuma ba zan raina masa ba. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun hana kayan kiɗa, ban da irin su mandiri a biki da idi, kuma Risala da muka karanta a makarantun zaure ta faɗi hanin ƙarara. Akwai malaman da suka saɓa, fitacce cikinsu Ibn Hazm na Andalus. Fatawa aikin malamai ce, ku je wurin wanda kuka yarda da iliminsa da natsuwarsa. Abu biyu kawai zan ce. Na ɗaya, ko a wurin masu hanawa, sauraren kiɗa saɓo ne, ba fita daga Musulunci ba, kuma jingina wa yaro mai salla cewa ya zaɓi shaiɗan magana ce mai nauyi ƙwarai. Na biyu, in hukuncin kayan kiɗa za a bi, to ya hau kan kowa. In ana kunna waƙoƙin fim a falo, ana kai ƙannensa biki ana cashewa da kiɗan DJ, sannan jitarsa kaɗai aka fasa, yaro mai shekara 17 zai gane cewa ba hukuncin Allah ake karewa ba, baƙon sauti ne kawai ba a so. Ranar da ya gane haka, wa'azin gidan duka zai rage daraja a idonsa. Ina yarinya kakarmu ba ta bari a kunna rediyo in an sako goge, tana cewa kiɗan 'yan bori ne, amma ta kan zauna ta saurari kalangu tana gyaɗa kai. Mun so ta, mun yi mata biyayya, amma ko a lokacin mun lura.

Kuma kada a ɗauka jita mai lantarki kayan waɗanda ba sa kallon gabas ce kawai. Nan maƙwabtanmu Nijar, Buzayen Agadas da Tawa sun mayar da ita tasu, da rawaninsu suke hawa dandamali a Turai da Amurka. Ɗaya daga cikinsu, Mdou Moctar, iyayensa masu riƙon addini ba su so ya yi kiɗa ba, sai ya haɗa jitarsa ta farko da katako da wayar birkin keke. Na kawo shi ne don ki ga cewa hanawa da ƙarfi ba ta cire wa yaro abin da ya shiga ransa, ɓoyewa kawai take koya masa. Ɗanki ma ai da gidan aboki ya fara.

Maigidanki ba mugu ba ne. Mutum ne da aka nuna wa bidiyo aka ce masa ɗansa na fari yana hanyar wuta, ya firgita, kuma tsoron maza sau da yawa da fushi yake fitowa. Ina kyautata zaton shi ma ba ya barci sosai, kuma karkatarsa ga shawarar yayansa neman mafita ce, don bai san yadda zai janye maganar da ya faɗa a gaban yara ba. Aikinki shi ne ki buɗe masa ƙofar da zai fita ba tare da girmansa ya zube ba. Kada ki tare shi da "ka yi kuskure". Ki bari sai dare, ya ci abinci, yara sun kwanta, ki fara da abin da kuka haɗu a kai: "Malam, ni ma ina tsoron abin da kake tsoro. Amma ka dubi wuyan yaron nan yadda ya zama." Ki gaya masa maganar tsirkiyoyin. Sannan ki roƙe shi abu ɗaya tak, a dakatar da maganar kai shi ko'ina har bayan jarrabawa. Lokaci kike nema, kuma uba yana iya ba da lokaci ba tare da ya ji an kayar da shi ba. In kin ga fuska, ki tuna masa ayar Ali Imrana da Allah Ya gaya wa Manzonsa, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa da ya kasance mai kaushi, mai ƙeƙasasshiyar zuciya, da sun watse daga gare shi. Maganar "ka bar min gida" dole a janye ta, ko da ba da kalmar ban haƙuri ba. Ya kira shi su tafi masallaci tare da asuba, ya ce masa a hanya, "Gidan nan gidanka ne." Wannan ya isa farko. Kuɗin jitar kuma guminsa ne, Asabar nawa ya yi yana gyaran waya kafin ya tara. Ko ba za a sake sayen wata ba, a mayar masa da kuɗinsa a hannu. Zai fahimci abin da ake nufi.

Baffan yaran kuma kada ki yi fito-na-fito da shi, zai koma rikicin matar ƙane da dangin miji, yaron ya ɓace a tsakiya. In surukarki tana raye, ita ce makaminki. Kaka tana iya ce wa manyan 'ya'yanta "ba za a kai min miji ko'ina ba" cikin wasa, maganar ta zauna daram. In babu ita, a samu gwaggon yaron ko limamin da maigidanki ke jin nauyinsa.

Shi ma yaron yana da nasa. Ya ɓoye abu ga iyayensa, ya sa rigar da ya san za ta tayar da hankalin gidan Musulmi, ya toshe kunne ya bar mutanen gida. Zai ji wannan, amma ba yanzu ba. Wanda ke zubar da jini ba a fara yi masa faɗan me ya kai shi wurin.

Na fahimci alkunyar ɗan fari, ni ma da ita aka raine ni, kuma ado ce. Amma alkunya ba ta hana uwa ciro ɗanta daga rijiya. Ba sai kin zaunar da shi kuna kallon juna ba, wannan zai yi muku nauyi ku duka. Ki kira shi kicin ya taya ki gyaran wake ko yankan albasa, kowa idonsa a kan aikinsa, ki ce, "Na ga abin da ka ajiye ƙarƙashin filo. Ban taɓa ba. Na san abin ya yi maka ciwo." Daga nan ki yi shiru. Mai yiwuwa ba zai ce komai ba ranar farko. Ki sake gobe. In ya fara magana, ki tambaye shi abin da babu wanda ya tambaye shi: me kake ji in kana sauraren abin nan? Ki ce ya zaɓo waƙoƙi uku da ya fi so, ya fassara miki su da Hausa, baiti-baiti. Kalmomin suna nan a intanet, kina iya sa ƙaninki ko wata mai Turanci ta duba miki ko ya faɗi daidai. A nan za ki san ɗakin da yake zaune. In kukan kaɗaici ne, kin samu labarin zuciyar ɗanki. In kuma akwai zagin Allah ko yabon shaye-shaye da kashe kai, sai ki ce masa wannan ba za ta zauna a wayarsa ba, ki faɗi dalili, kuma ina kyautata zaton yaron da ya sauke Alƙur'ani zai fi kowa jin kunyar fassara wa uwarsa irin wannan.

Akwai tambaya ɗaya mai nauyi da nake so ki yi masa kai tsaye, ko ki sa kawunsa da ya saba da shi ya yi: ko ya taɓa jin ya gaji da rayuwa, ko tunanin cutar da kansa ya taɓa zo masa? Tambayar ba ta dasa wa yaro tunanin, sauƙi take kawo masa. Wata guda na rashin ci da rama da janyewa daga mutane ya isa a ga likita, ko da amsarsa a'a ce. Ku fara da likitan da kuka saba gani, in ya ga da buƙata zai tura ku asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa, kuma zuwa can ba hauka ba ne. In kuwa ya ce miki e, to ranar za ku tafi, kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magunguna da fiya-fiya daga inda hannunsa zai kai. Ki kuma sa ido a kan abubuwan da suka fi kiɗa faɗin gaskiya: sallarsa, barcinsa, sakamakon makaranta, su wa yake yawo da su, kuɗi na ɓacewa a gida ko a'a, idonsa da muryarsa in ya dawo da dare. Ki leƙa shagon gyaran wayar nan ki gaisa da maigidansa, ki ji yadda yake a can.

In ƙura ta lafa, hanya biyu ce a gabanku, kuma kowacce tana iya ɓullewa. In bayan kun ji ta bakin malami babansa ya tsaya a kan cewa ba za a ajiye kayan kiɗa a gidansa ba, haƙƙinsa ne a matsayin maigida. Sai ya faɗa wa yaron da bakinsa, cikin mutunci, cewa dokar ta kowa ce kuma ba don ana zarginsa da wani abu ba. Sannan kada a bar baiwar ta mutu a banza. Yaron da ya koya wa kansa jita kuma yake gyaran waya yana da kunne yana da hannu. Akwai aikin haɗa sauti da tace shi, wanda gidajen rediyo da masu ɗaukar karatun malamai da masu shirye-shiryen intanet suke nema ido rufe, akwai rubuta waƙa, akwai karatun injiniyan lantarki a jami'a. In kuma kun ga za ku iya sassautawa, to a yi yarjejeniya a fili: ba kiɗa sai an gama karatu, ba a lokacin salla ko cin abinci tare ba, ba waƙa mai harafin E, ba riga mai ƙoƙon kai, kuma maganar wata jitar sai an ga sakamakon jarrabawa. Ku bar shi ya sa baki a tsara dokar, ya fi riƙe ta.

Ko wacce kuka ɗauka, ki tuna wa maigidanki cewa shekara ɗaya ko biyu suka rage yaron nan ya tafi jami'a, inda babu mai duba masa waya ko ƙarƙashin filo. Abin da zai bi shi can shi ne ko yana iya ɗaga waya ya kira babansa in ya shiga matsala.

Yau da dare ki dafa abin da ya fi so, ki kai masa da kanki, kada ki aiki ƙannensa. Ki zauna bakin gadon har ya ci ko loma biyar ce. Tsirkiyoyin kuma ki bar masa su inda suke. Ki sake rubuto min bayan mako biyu in ji yadda kuka yi da babansa, da abin da likita ya ce. Ina sa ku a addu'a.